Ruwan Kwaɗin Mbah Tarmuji

"Kin ɗanɗana?" Muryar Mbah Tarmuji ce ta fito daga cikin ɗaki, a dushe.

Warsiti tana durƙushe a barandar tsohon, gaban wata faffaɗar kwatarniya, da moɗa a hannu. Ta tsoma manuniya a cikin ruwan, ta ɗaga hannun saitin taga yadda zai hango daga gadonsa, sannan ta lashi ɗan yatsan tsakiya, wanda ko laima bai taɓa ba.

"Na ɗanɗana, Mbah."

"Yaya yake?"

"Kamar romo."

"Romon gidanki ko romon mutane? Ke fa hannunki da nauyi wajen gishiri."

Ta ce masa romon mutane. Ya yi ɗan tari, ya ce to madalla, a bar shi haka. Ta miƙe tana goge manuniyar a gefen zane, har sau uku, kamar ta taɓa abin da kare ya lasa. A cikin kwatarniyar 'ya'yan kwaɗi ne baƙaƙe, sun fi hamsin, kowanne daga kai sai bindi, suna ta kai da kawo ba su san ana ƙarya a kansu ba. Yau kwana ashirin da wani abu ke nan kullum safiya tana wannan wasa na yatsu biyu.

Mbah shi ne kaka a bakin mutanen wurin, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyen nan na bakin teku ya san harshen Mbah Tarmuji kafin ya san fuskarsa. Shekara arba'in ya yi yana yawo a kan gaɓar tafkunan kiwon kifi da jatan lande. Ba shi da tafki ko ɗaya, ba shi da taru, harshe kawai gare shi. Sai ya duƙa ya kamfaci ruwa, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar, ya ce a buɗe ƙofar ruwa ko a bar ta a rufe, masu tafki kuma su bi ba musu. Ma'auninsa ma na kansa ne. Ruwan da gishirinsa bai kai ya kawo ba ya ce gumi ne, na gaba da shi romo, in ya fi haka miyar mai fushi, daga nan sai teku. Daga baya samari suka zo da wani ɗan bututun gilashi da ake leƙawa da ido ɗaya ya nuna lamba, aka daina aiko masa. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce abin da ba shi da miyau ba zai taɓa sanin ruwa ba.

Kwaɗin kuwa tambaya ce ta kawo su gidansa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata rana da teku ta ja baya, yana zaune cikin itatuwan bakin ruwa masu saiwoyi a waje, sai ya ga kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa ruwan teku tsundum, ya fito da 'yar ƙaguwa a baki. To kowa ya san kwaɗo da gishiri ba sa ga maciji. Mutanen ƙauyen sun sha ganin irin waɗannan kwaɗi tun kaka da kakanni, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce ta yaya, don mai neman abin sawa a tukunya ba shi da lokacin tambayar kwaɗo. Mbah Tarmuji yana da lokaci. Ya jawo wani tsohon kwalekwale bayan ɗakinsa, ya cika rabi da taɓo rabi da ruwa, ya rufe da yagaggen taru, ya zuba kwaɗi biyar. Yana ba su gyare da ƙananan ƙaguwa, yana ƙara musu ruwan teku, yana ragewa, yana kallo. A nan ya gane cewa manyan suna ɗaukar gishiri har kusan na teku, muddin a hankali aka bi da su, amma in aka yi musu farat ɗaya sai su yi laushi su mutu. Biyu ya rasa kafin ya gane haka, kuma ranar da ya binne su bai ci abinci ba.

A ƙauyen ba a cin kwaɗo, ba a kuma kashe shi, amma ba a taɓa jin wanda ya ajiye shi a gida yana yi masa hidima ba. Aka yi dariya shekara ɗaya, aka gaji, aka bar shi da abinsa.

Abu ɗaya ya rage masa bai gani ba. Ya lura a daji ba a ganin ƙananan kwaɗi masu ƙafa sai bayan ruwan sama ya tsarma kududdufai. Don haka ya ƙudurce a ransa cewa ɗan kwaɗo mai bindi yana iya zama cikin gishiri, amma ba zai yi ƙafa ya fito tudu ba sai ruwan ya yi sauƙi. Ya faɗa a shagon kofi, ya faɗa a ƙofar masallaci, ba wanda ya gaskata, ba wanda ya ƙaryata, don ba wanda abin ya dama. Shi kuwa so yake ya gani da idonsa a cikin gidansa, kuma shekara goma kwaɗinsa suka ƙi yin ƙwai. Sai a ƙarshen daminar bana, ya tashi da safe ya tarar da ƙwai cunkus a cikin kwalekwalen. Ya kwashe da tafin hannu ya zuba a kwatarniya, ya haɗa musu ruwa daidai romo. Mako biyu bayan haka ya faɗi a barandar nan. Da aka dawo da shi daga asibitin birni, gefensa na hagu ya yi nauyi, likita ya ce zuciyar ma ta gaji, a kai shi gida a kula da shi. Kowa ya san fassarar wannan magana. Abin da ya fi ƙona masa rai dai shi ne harshen ya mutu: zuma da toka duk ɗaya suke a bakinsa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa Ngatmini tana aiki a masaƙa a birnin Semarang, sai ƙarshen wata take zuwa. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da gidan Warsiti, saboda haka jinya ta faɗo kanta ba tare da an zauna an yi shawara ba. Ita ta dama masa kunun shinkafa, ita ta ba shi magani, mijinta Sukarji ya yi masa wanka ya ɗaga shi ya kwantar. Duk wannan ba ta ji nauyinsa ba. Sai ranar da ya ce mata daga yau ita ce harshensa. Ya bayyana mata dalla-dalla: kullum safiya ta ɗanɗana ruwan kwatarniya, kada ya wuce romo, in ruwan ya ja baya ta cika shi da ruwan sama daga randarsa. Ta ce to, don ba a yi wa mara lafiya gardama.

Warsiti ba maƙaryaciya ba ce. Sana'arta shanya kifin gishiri, kuma duk kasuwa an san in ta ce kifin jiya ne to na jiya ne. Amma kowa da abin da cikinsa ba ya ɗauka. Macen da take tsoma hannu har gwiwa cikin hanjin kifi ba ta yamutsa fuska ba, ita ce in ta tuna ruwan da kwaɗi suka yi fitsari a ciki zai taɓa harshenta sai tsikar jikinta ta tashi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, rani ya shigo, rijiyoyin ƙauyen duk sun zama zartsi tun da teku ta fara cin ƙasa, ruwan motar tanki kuma warin roba yake yi. Ruwan daɗi na gaskiya a gidan tsohon bai wuce na randa ɗaya ba, wanda ya tara da damina. Da shi take dama masa kunu, da shi take haɗa masa shayi. Ta dubi randar, ta dubi masu bindi, ta ce Allah ya kiyaye ta ba kwaɗi ruwan da mutum ke buƙata. Sai ta riƙa ɗebo musu daga magudanar tafkin da ke bayan gida, inda shi ma ya ɗebo na farko. A ganinta ruwan gidansu ne, me zai yi musu?

Abin dariyar shi ne, wannan mace ta yi shekara talatin tana shanya a rana, ta fi kowa sanin rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Sai dai sanin da mutum ke yi a wurin sana'arsa ba kullum yake biyo shi gidan maƙwabci ba. Rana ta sha, ita ta ƙara zartsi, rana ta sake sha, ita ta sake ƙarawa.

Mbah ya sa Sukarji ya ja masa gado ya manna da taga. Daga nan yake kallon kwatarniyar, yana lissafin kwanaki a kan yatsun hannunsa mai lafiya. Ya ce nan da kwana talatin za a ga ƙafafun baya. Talatin ta zo ta wuce. Masu bindi suka ƙara ƙiba, suna cin dafaffen alayyafo kamar 'yan biki, amma ko alamar ƙafa babu. Ya ce wataƙila inuwar baranda ce ta yi musu yawa, aka matsar da su rana, wanda hakan ya ƙara wa Borno dawaki. Ya ce wataƙila abinci ne, aka ƙara musu gwaiduwar ƙwai. Sukarji ya ce ko ya aro bututun gilashin nan daga wurin mai tafkin da yake yi wa aiki a gwada. Tsohon ya harare shi, ya ce yana da harshen Warsiti, wanda ya fi gilashin uban kowa. Warsiti tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ji maganar har cikin ƙashinta.

Ana cikin kwana na hamsin, da hantsi, tana ba shi kunu, ya kawar da kai daga cokalin.

"Ti, ashe ban sani ba."

"Me ne ba ka sani ba, Mbah?"

"Ga ruwa romo, ga abinci, ga rana. Ba abin da ban ba su ba. In da maganata gaskiya ce da yanzu sun cika barandar nan da tsalle. Shekara goma sha ɗaya ina damun mutane da zancen banza."

Ta ce ya yi haƙuri, kwaɗi ma da rabonsu. Washegari ta zo ta durƙusa gaban kwatarniya, ta tsoma yatsa, ta ɗaga saitin taga, ta jira tambayar. Tambayar ba ta zo ba. Ya juya fuskarsa bango. Kwana uku a jere bai tambaya ba, kunun ma sai cokali biyu ya ce ya isa. Da yana tambaya tana jin haushi, yanzu da ya daina sai ta rasa inda za ta sa kanta. Tausayinsa ya kama ta, amma har lokacin ba ta haɗa rashin ƙafa da ƙaryarta ba. Ta ɗauka ƙaryar abu ce tsakaninta da Allah, ba ruwan kwaɗi.

Sukarji ne ya tono abin, shi ma ba da niyya ba. Ya dawo daga tafki bayan azahar, ya zauna a dakalin barandar yana shan tabarsa mai ƙamshin kanumfari, yana wasa da babban yatsa a leɓen kwatarniya. Sai ya dubi yatsan, ya murza, ya yi 'yar dariya.

"Ti, ashe gonar gishiri kika buɗe a nan ban da labari? Ki bari ya ƙara kwana biyu mu kwashe mu kai kasuwa."

Ta matso ta duba. Wani farin zobe ne ya zagaye kwatarniyar ta ciki, sama da bakin ruwa kaɗan, yana ƙyalli. Irinsa take kankarewa kullum daga bahon da take jiƙa kifi. Ta durƙusa, ta tsoma manuniya, ta dubi mijinta, ya dube ta. Ta rufe ido ta sa yatsan a baki.

Ba ta san lokacin da ta tofar ba. Ba ƙyama ce ta sa ta tofarwa ba, ƙyamar ma ba ta samu wurin zama ba. Gishiri ne ya ɗaure mata harshe har ya koma ɗaci. Ta ce wa Sukarji ya miƙo mata bokiti maza, za ta juye randar nan duka a ciki. Ya ce shi dai ba ya taɓa kwaɗin Mbah sai da izinin Mbah, kuma ita ta san hanyar ɗakin.

Ta fi minti biyar a bakin ƙofar kafin ta shiga. Tsohon yana kwance, idonsa biyu, yana kallon rufi. Ta zauna a ƙasa gefen gadon, ta faɗa masa komai a gurguje kamar mai haɗiyar magani: yatsa biyu, magudanar tafki, randar da ta hana. Ta ce tun ranar farko ba ta taɓa ɗanɗanawa ba sai yau. Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da ya dace da ita.

Can ya ce, "Yau kin ɗanɗana?"

"Na ɗanɗana, Mbah. Da gaske."

"Yaya yake?"

"Ba romo ba ne."

"Na san ba romo ba ne. Miyar mai fushi?"

"Ya wuce nan."

Ta ji gadon ya motsa. Tsohon da ya kwana uku bai ɗaga kai ba yana ƙoƙarin dogara gwiwar hannu ya tashi. Ta tallafe shi da matashi.

"Teku?"

"Teku, har da ɗan ɗori."

"A ina kika ji shi, a tsinin harshe ko a gefe? Ya bar ɗaci a maƙogwaro?"

Ta ce ya bari. Ya tambaye ta ko miyau ya tsinke mata nan take ko sai daga baya, ko leɓenta ya yi ƙaiƙayi. Tana amsawa tana kallonsa, ta rasa ko faɗa ne ke tafe ko me. Sai ta ga gefen bakinsa mai lafiya yana rawa, ashe dariya ce.

"Kuma suna da rai? Duka?"

"Duka. Sun fi da ƙiba ma."

"Teku da ɗori, suna da rai, ba ƙafa." Ya maimaita a hankali kamar mai karanta wasiƙar da ya daɗe yana jira. "Ni da ba zan taɓa iya yi musu haka ba, tsoro zan ji. Ke da ba ki san hawa ba, ba ki san sauka ba, kin gwada mini rabin maganata. Saura rabi."

Hawaye suka zubo mata, na kunya da na sauƙi a haɗe. Ta miƙe ta ce bari ta juye musu randar yanzu-yanzu. Ya riƙo gefen zanenta. Ya ce in ta yi haka kafin magariba za ta kwashe gawa hamsin. Moɗa ɗaya za ta kwashe da safe ta mayar da ta ruwan sama, moɗa ɗaya da yamma, ba ƙari. Ta yi lissafi a ranta, ta ga kafin ruwan ya sauko romo an yi kwana goma, kafin ƙafa ta fito kuma Allah kaɗai ya sani. Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura a ƙarƙashin mayafi. Ta ce ko a yi moɗa uku-uku.

"Don ni?" ya ce. "Gaggawata ba tasu ba ce. Ɗaya-ɗaya."

Ta kawo maganar randa, cewa in aka ba kwaɗi, da me za ta dama masa kunu, ruwan tanki ai warin roba yake. A nan ne ya yi dariyar da ta sa shi tari har Sukarji ya leƙo ta taga.

"Wata biyu kina ɓata ruwan sama a kan harshen da ya mutu? Ki dama mini da ruwan wanke babur ɗin Karji, ba zan sani ba."

Daga ranar aka shiga wani sabon zama. Safe da yamma Warsiti ta kwashe moɗa ɗaya, ta zuba ɗaya, ta ɗanɗana, ta shiga ɗaki ta ba da rahoto, shi kuma ya yi mata tambayoyi kamar alƙali. Ƙyamar ba ta tafi ba, kada a yi mata ƙarya, duk ɗanɗanawa sai ta kuskure baki da shayi. Amma wani abu ya shige ta wanda ba ta yi zato ba. Ta fara tsintar kanta a durƙushe gaban kwatarniya bayan ta gama aikinta, tana leƙen gindin bindin kowanne, kifinta na can a rana ƙudaje na biki. Sukarji ya ce yanzu mahaukatan kwaɗi sun zama biyu a layin, kuma cutar da alama ta bango take ratsowa.

Ngatmini ta zo a kwana na shida da fara rage gishirin. Da ta ga yadda uban ya zube, ta ce lallai a mayar da shi asibiti a Semarang, ta riga ta yi magana da mai mota. Ya ce mata yana da baƙi da yake jira, in sun iso sai a yi maganar tafiya. Da ta gane baƙin, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta sallami mai mota, ta aika wurin aiki cewa ba za ta koma ba tukuna.

Ruwan ya sauko daga teku zuwa miyar mai fushi, ya daɗe a nan kamar ba zai motsa ba, sannan ya zama romo, har ya gangara kusa da gumi. Randa ta kusa ganin gindinta. Tsohon ma yana ta sauka. Ya daina zama, ya daina shan kunu sai ruwa a cokali, idanunsa suka yi hazo har ba ya bambanta 'yarsa da maƙwabciyarsa sai sun yi magana. Tambayar dai ba ta fasa zuwa, ko da leɓe kawai zai motsa.

A safiya ta goma sha biyu Warsiti ta ga wasu 'yan tsiro biyu a gindin bindin mafi girmansu, ko ƙwayar shinkafa ta fi su. Ta shiga da gudu ta faɗa masa. Ya ce uhm. Ta kawo shi a kofin gilashi ta kanga masa a fuska, ya ƙura ido, ya ce ba ya ganin komai sai haske. Ta koma gida, ta san abin da ke ransa, kuma ba ta ga laifinsa ba. Wanda aka yi wa ƙarya wata biyu don a kwantar masa da hankali, me zai hana a ƙara masa ɗaya a bakin tafiya?

Aka ƙara kwana biyar. Ran Alhamis da hantsi numfashinsa ya canja, Ngatmini ta zauna a kansa tana karanta masa abin da ya sauwaƙa, Sukarji bai je tafki ba. Warsiti ta fita baranda ta duba babban nan. Ƙafafun sun miƙe, sun yi gwiwa, har da 'yan yatsu siri-siri. Ta kamfato shi a moɗa ta shiga.

"Mbah, ƙafafu sun fito. Har da yatsu."

Leɓensa ya motsa, ta kai kunne.

"Da wane yatsa kika gani?"

Ko a wannan hali tsokana ba ta bar shi ba. Ta kamo hannunsa na dama, ta buɗe tafin, ta lanƙwasa shi ya yi ɗan rami, ta zuba ruwa kaɗan. Sannan ta sa hannunta, ita Warsiti, ta kamo ɗan kwaɗon da yatsunta ta ajiye masa a ciki. Abin ya yi lamo na ɗan lokaci. Sai ya buga bindi, ya tokari tafin tsohon da ƙafafunsa biyu, sau ɗaya, ya sake.

Tsohon ya rufe ido. Ya ɗago babban yatsansa a hankali ya shafi gefen abin, ya bi ƙafar tun daga gindi har ƙarshe, ya koma ɗaya gefen.

"Biyu," ya ce. Can kuma, "Mayar da shi, kada ya bushe."

Ta mayar. Bai ƙara wata magana da ta shafi duniya ba. Ya cika bayan azahar kaɗan, kansa a cinyar 'yarsa, aka yi sanarwa a lasifikar masallaci. Sai da aka jira teku ta ja baya kafin a kai shi, don hanyar maƙabarta ruwa ke shanye ta in ya cika. Warsiti ta yi kuka sosai, fiye da yadda ta yi zaton za ta yi wa mutumin da ba danginta ba, kuma da yamma ta je ta kwashe moɗa ɗaya ta zuba ɗaya, don ba wanda ya ce ta daina.

Ngatmini ta ce ba ta san yadda za ta yi da kwaɗi a ɗakin haya ba. Sukarji ya ce a bari sai bayan sadakar bakwai, in ƙananan sun yi ƙwari sai a kai su duka bakin itatuwa a sake. Warsiti ta ce a dai bari a gani.

Ranar bakwai bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi tun daga barandar har tsakar gida. Maza suka zauna sahu-sahu sun tanƙwashe ƙafa, liman a gaba, ana ta hailala murya ɗaya, kawuna na kaɗawa dama da hagu. Warsiti tana bakin ƙofa da tiren shayi, tana jiran a shafa. Daga nan ta hango wani abu ya faɗo daga leɓen kwatarniya ya sauka a kan tabarma. Girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba, ƙafa huɗu, da ɗan guntun bindi yana ja a baya. Ya tsaya, maƙogwaronsa na bugawa. Sannan ya yi ɗan tsalle ya nufi sahun farko.

Mutumin da ke gefe, wani mai tafki ne mai furfura, ya gan shi. Bai daina hailala ba, ya ɗaga gwiwarsa kawai. Na kusa da shi ya duba ƙasa, shi ma ya ɗaga tasa. Haka gwiwoyi suka riƙa tashi suna sauka ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen sahun, ɗan kwaɗon yana bi ta ƙarƙashinsu, ya sauka daga tabarma ya nufi inda ƙasa ke da laima.